Igiyar Kubra

Ranar Juma'a ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi. Tsakar gidan Malam Abdulsalami a Birnin Kudu duk ta yi caɓi, kaji sun lafe a gindin rumbu. Hadi, babban ɗan gidan, yana durƙushe a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. An ajiye masa koko da ƙosai, bai taɓa ba.

Inna Dada ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta leƙo ta ce, "Kai, kokon nan zai huce."

"Inna, magana ce da ni."

Gwaggo Talatu, ƙanwar Malam, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ta ɗago daga tsintar wake. Ita ba ta iya magana a hankali ba, ko sirri za ta yi sai maƙwabta sun ji.

"Da ma na ce wannan wanke babur da ake yi kullum ba na banza ba ne. 'Yar gidan wa ce?"

"A Zandam take, Gwaggo. Sunanta Kubra, 'yar Ɗanbala manomi."

"'Yar ƙauye? To, ba laifi, sun fi na gari iya daka. Sai me kuma? Na ga kana ta murza hula."

Hadi ya ajiye hular a gwiwa. "Kurma ce. Sanƙarau ya kama ta tana shekara takwas, ya tafi da jinta."

Gwaggo ta ajiye faifan. Inna Dada ta koma cikin ɗaki.

Ga yadda abin ya faro. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, ana ta sauke buhunan takin zamani a ƙauyuka, ana cewa kowa ya koma gona. Hadi ya yi kwas ɗin aikin gona, ya fito da satifiket, aka ba shi babur aka tura shi ƙasar Gwaram malamin gona. Ya je Zandam da baƙin allo da alli da fosta mai rubutun boko. Ya tsaya a gindin tsamiya ya yi wa manoma lacca mai tsawo: inci kaza tsakanin rami da rami, inci kaza tsakanin kara da taki. Mutanen suka yi ta gyaɗa kai suna "to, to," saboda baƙo ne, ba a kunyata baƙo. Kafin ya hau babur sun sa masa suna Malam Inci.

Suka koma gonakinsu suka yi abin da suka saba yi da takin shanu. Suka zuba shi tsibi a jikin karan masara. Kwana goma shuka ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Hadi ya zagaya gona bayan gona, ana amsa masa sallama da ƙyar. Gona ɗaya ce tak ta tsaya kore shar, layinta a miƙe, ita ce ta Ɗanbala.

"Kai ka gane bayanina ke nan," in ji Hadi, har ya fara jin sanyi a ransa.

Ɗanbala ya yi dariya. "Ni? Wallahi ko kalma ɗaya. Tambayi mai igiya."

Mai igiya ita ce Kubra. Fura take kawowa wurin taro. Ba ta ji laccar ba. Amma ranar da Hadi ya shuka gonar gwaji a bayan gari, ta tsaya daga nesa tana kallon hannunsa. Da ya tafi, ta zo da igiyar rama ta shimfiɗa a kan layin, duk inda ya yi rami ta ƙulla ƙulli. Ta auna tsakanin kara da inda ya binne taki, ta ga yatsunta huɗu ne. Ta tsinci murfin kwalbar lemo da ya yi awon taki da shi. Da waɗannan uku ta shuka gonar ubanta.

Aka kira ta. Ba ta sunkuyar da kai ba kamar sauran 'yan mata. Ta kafa idonta a kan bakinsa, don da shi take ji. Muryarta tana nan, sai dai tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba, tunda ita ba ta jin kanta.

"Bakinka ya faɗi abu da yawa," ta ce. "Hannunka abu ɗaya ya yi. Shi na bi."

Hadi ya riƙe igiyar nan ya daɗe yana kallo. Kwas na shekara biyu, ga shi duk an ƙulle shi a igiya guda. Tun daga ranar ya jingine baƙin allo a sito. Tun daga ranar kuma zuciyarsa ba ta ƙara zama tasa ba.

To, wannan ita ce yarinyar da ya zo da maganarta gida.

Da hantsi Hadi ya shiga zaure. Malam Abdulsalami yana zaune a kan buzu, littattafai a gefensa. Dattijo ne mai kwarjini, gidansu tun kakanni karatu ake yi. Shekara gudan nan dai mutane suna cewa Malam ya yi zafi. Ka gaishe shi ya share ka, ka yi masa bayani ya dube ka kawai. Sauraron hadda ma ya bar wa gardawa.

Hadi ya durƙusa nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, yadda ɗa nagari yake yi wa uba magana. Ya faɗi duk abin da ke ransa. Da ya gama, Malam bai ce uffan ba.

Sai ga Gwaggo ta faɗo zauren. "Yaya, ka ji abin da ɗanka ya jajibo? Kurma! Kurma zai kawo mana gidan nan, 'yar Zandam!"

Fuskar Malam ta canza. Ya daɗe yana kallon bango.

"Kai," ya ce. "Karatu daga baki yake zuwa kunne. Haka na karɓa, haka ubana ya karɓa. Wanda ba ya ji, ba shi da wuri a gidan karatu. Ba da yawuna ba."

"Malam, tana salla, tana da hankali, ita ce ma ta—"

Malam ya riga ya buɗe littafi. Hadi ya ci gaba da magana kansa a ƙasa, har ya gane shi kaɗai yake yi. Ya tashi ya fita.

A tsakar gida ya tarar da Inna tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kada ka ja da shi. Ni dai abin da na roƙe ka ke nan."

Da la'asar ɗin Asabar ya isa Zandam. Kubra ta fito ƙofar gida, ta tsaya inda haske ke faɗa masa a fuska. Zuwa lokacin ya koyi maganar hannu irin tata, yana haɗawa da baki.

"Malam Inci, yau fuskarka ba ta kai inci ɗaya ba. Me ya ce?"

"Ya ce a'a."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na yi shiru. Amma zan iya zuwa wurin alƙali, Kubra. Zamani ya canza, ina da aikina, ina da albashina."

Ta girgiza kai. "Ba zan shiga gidan da aka ɓalle ƙofarsa saboda ni ba. Ka bar shi. Uba ne."

"Sai yaushe?"

"Na jira shekara goma sha ɗaya ban ji muryar uwata ba, ban mutu ba."

Ta faɗa tana murmushi, sai kuma ta juya masa baya. Kafaɗunta suna rawa. In Kubra ta juya baya magana ta ƙare, ba ka da hanyar kiran ta. Hadi ya tsaya kamar an dasa shi, ya ga yadda bayan mutum yake zama katanga.

Haka aka ci shekara guda. Gwaggo ba ta huta ba. Yau ta kawo zancen 'yar liman, gobe ta wata mai sakandare. "Wannan har Turanci take yi, ku yi ta incinku tare." Hadi ya ce Allah ya ba su nagari. Ofis suka ce za su yi masa taransifa zuwa birni, ya roƙa a bar shi. Duk Juma'a yana zuwa gida ya durƙusa ya gaida Malam, bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma ɓata fuska ba. Ya rame dai. Inna tana ƙara masa man shanu a tuwo.

Da ruwan shuka ya sauka, Ɗanbala ya tare shi a bakin gona.

"Malam Inci, ba korar ka nake ba, ka san ina son ka. Amma shekara guda kana tsayuwa a ƙofar gidana, ko ƙwayar goro ban gani daga manyanka ba. Gari ya fara magana. Ko su zo, ko ka bar mini yarinya ta huta."

Hadi ya kai saƙon ta bakin Gwaggo. Malam ya ce, "Mutumin yana da gaskiya. Ba a wasa da 'yar mutane. Ni zan je da ƙafata in ba shi haƙuri, a rufe maganar."

Ranar Talata Hadi ya goya mahaifinsa a babur. Suka bar duwatsun Birnin Kudu a baya, suka bi jar hanya, ƙasa tana ƙamshin ruwa, ko'ina mutane a duƙe suna shuka. Hadi yana tuƙi yana jin kamar gawar kansa ya ɗauko.

Talata kuwa ranar aji ce a Zandam. Da suka iso, mutane sun riga sun taru a gindin tsamiya.

Hadi ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri in sallame su."

Malam ya dubi taron ya yi masa nuni da hannu, wato je ka yi aikinka. Aka kawo masa tabarma, ya ƙi zama.

Bai taɓa ganin makaranta irin wannan ba. Ba sahu-sahu aka zauna ba, an yi rabin da'ira ne kamar jinjirin wata, ba wanda ke bayan wani, ba wanda ke bayan mai magana. A gaba ga Baba Ɗan'auta makaho, tulin igiyoyi a cinyarsa. Shi ke tufka su yanzu, shi ke ƙulla ƙullin, yatsunsa ba sa kuskure ko da ƙwayar gero. Ga Fulani daga ruga da sandunansu, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta cinikin nono ba. Ga wasu kurame biyu, ƙarti, da suka tako da ƙafa tun daga Maruta. Ga wani kuturu da ba shi da yatsun da zai auna huɗu, an yanka masa guntun kara daidai awon, an ɗaura masa a wuyan hannu. Ga tsofaffi masu karanta ajami, an rubuta musu bayanin a kwali da manyan baƙaƙe. Daga gefe, kusa da zana, ga tsofaffin mata da za su kai igiya cikin gidaje, wurin matan da ba sa fita, saboda 'yan gonakin bayan ɗaki. A gabansu wata doguwar yarinya tana tsaye da igiya a kafaɗa, ita ce Kubra.

Hadi bai yi lacca ba. Ya ɗaga igiya kowa ya gani, ya sa ta a hannun makaho ya shafa. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya sara rami a ƙulli, ya jefa iri. Ya ɗaga yatsu huɗu, ya ɗaga murfin kwalba. Kalma uku ko huɗu yake faɗa, ya tsaya. Abin da ya yi, yarinyar ta maimaita wa mata da kuramen da hannu. Sai kowa ya taso, ɗaya bayan ɗaya, ya yi da kansa.

Baba Ɗan'auta ya bi igiya da tafin ƙafa, ya sara ramuka goma a jere. Wani ya ce, "Baba, layinka ya fi na masu ido miƙewa."

"Ai ku kallon 'yan fura ke karkatar da ku," in ji makahon. Aka yi dariya. Kubra ta juya wa kuramen maganar da hannu, su ma suka fashe, dariyarsu ta zo a baya kamar amsa.

Malam yana tsaye, hannunsa a kan gemu. Tun yana kallo a kaikaice har ya matso. Hadi ya ga leɓensa yana motsi, yana tasbihi.

Ana cikin haka ladan ya kira azahar daga masallacin da ke bayansu. Taron ya motsa gaba ɗaya. Masu sara suka dakata, makaho ya ɗaga kai, Fulani suka dubi gari, bakuna suka fara amsawa. Kuramen Maruta ba su motsa ba, Kubra ma tana naɗe igiya. Sai mutum ɗaya kuma.

Malam Abdulsalami, wanda ya shekara arba'in yana tsawata wa duk wanda ya yi magana ana kiran salla, yana nan yana kallon ramukan makaho. Sai da ya ga mutane suna kakkaɓe riguna, ya saci kallon inuwar tsamiya, sannan ya fara motsa baki.

Nan take Hadi ya gane. Gaisuwar da ake sharewa, haddar da aka bar wa gardawa, ranar da ya yi ta magana a zaure shi kaɗai — duk suka dawo masa lokaci guda. Ba zafi Malam ya yi ba. Shekara biyu kowa yana zuwa gabansa ya sunkuyar da kai ya rage murya saboda girmamawa, ashe da ladabinsu suka rufe shi a ɗaki.

Ya waiga ya ga Kubra. Ita ma Malam take kallo. Ta san wannan satar kallon inuwa, da ita take sanin lokacin salla.

Bayan an idar aka shiga zauren Ɗanbala. An shimfiɗa tabarmar baƙo can ƙurya, wurin girma, inda duhu yake. Kubra ta shigo da ƙwaryar fura, ta ajiye, ta janyo tabarmar ubanta zuwa bakin ƙofa inda haske zai faɗa masa a fuska. Ta yi masa wata 'yar alama da yatsa, ta taɓa kunne, ta taɓa leɓe. Ba wanda ya lura sai Hadi.

Ɗanbala ya shekara goma sha biyu yana magana da 'yarsa, abin ya zame masa jiki. Ya zauna daidai saitin Malam, ya dube shi a fuska, ya yi magana dalla-dalla, hannuwansa suna taya shi. Ya ba da labarin yadda masara ta ƙone bara waccan.

"Muka ce, yaron nan ko dai gwamnati ta aiko shi ne ya rage mana yawan tuwo?"

Malam ya yi dariya. Dariya sosai, har da riƙe gemu. Hadi ya manta rabon da ya ji ta. Sai dariyar ta tsaya a tsakiya, don Malam ya gane bai rasa kalma ko ɗaya ba. Ya dubi tabarmar, ya dubi hasken ƙofa, ya dubi yarinyar da ke durƙushe a gefe.

"Matso nan," ya ce.

Ta matso ta durƙusa, ta ɗago kai. "Malam, a gafarce ni, zan dubi fuskarka. Ba rashin kunya ba ne. A nan kunnena yake."

"Dube ta. Kin yi karatu?"

"Na yi izu biyu, sai ciwo ya zo. Da na warke na koma. Malaminmu ya ce ba yadda zai yi ya biya mini. Ya yi mini addu'a, ya sallame ni."

"Sai kika bari."

"A'a."

Ta shiga gida ta fito da allo. Malam ya karɓa ya juya shi. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi siriri kamar ɓawon ƙwarya. Izu biyun nan take rubutawa, ta wanke, ta sake rubutawa, ta kai ƙarshe ta koma farko, shekara goma sha biyu.

"Karanta."

Ta ɗora yatsu a maƙogwaronta don ta san muryar tana fita, ta fara. Muryar tana hawa tana sauka, wani wuri ta yi ƙarfi, wani wuri ta kusa ɓacewa. Malam bai dubi allon ba, bakinta yake kallo. Can ya ɗaga yatsa, yadda yake yi wa ɗalibansa. Ta tsaya. Ya matso har gwiwarsa ta sauka daga tabarma, ya buɗe baki ya faɗi kalmar a hankali, ya nuna mata inda harshe ke zama. Ta gwada, ya girgiza kai. Ya sake. A na uku ya ce, "Haka." Ta ci gaba har ta kai ƙarshe, ta dakata.

"Ci gaba."

"Nan aka tsaya mini, Malam. Ban san na gaba ba."

Malam ya riƙe allon da hannu biyu. Ya kau da fuska zuwa bango, ya daɗe. Ɗanbala ya sunkuya yana wasa da bakin tabarma. Can ya taɓa gwiwar Malam, ya bari ya juyo, ya ce, "An ce da magana ka zo."

"Na zo da ita," in ji Malam. "Zan koma da abata."

Ya sha furar har ya ga ƙasan ƙwarya, ya yi addu'a, suka fito.

Sun kusa gida, rana ta yi sanyi, duwatsu sun fara bayyana, Malam ya daki kafaɗar Hadi. Hadi ya tsayar da babur a gindin wata kuka. Ya sauka ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar kullum.

"Ɗago. Dube ni."

Hadi ya ɗago. Tun da ya yi wayo bai taɓa kallon idanun mahaifinsa haka ba. Ya ga sun yi ja.

"Ka gani ɗazu."

"Na gani, Malam."

"Shekara biyu. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi. Na yi niyyar bayan sallar layya in rufe littattafai in ce tsufa ne. Ranar da Talatu ta ce kurma, na ɗauka da ni take." Ya numfasa. "Na ce wanda ba ya ji ba shi da wuri a gidan karatu. Ba yarinyar na kora ba. Kaina nake kora."

Hawaye ya zubo wa Hadi.

"Yau na ji karatu da ido. Na gyara, ya gyaru. Shekara sittin da uku ban san ana yi ba, sai da 'yar manomi ta nuna mini. Allah mai iko." Ya goge fuska da hannun riga. "Kai kuma shekara guda ba ka ɗaga mini murya ba. Da ka ɗaga ma da na ji ka. Tashi mu tafi."

Suna shiga gida Gwaggo ta tare su. "An rufe maganar?"

Malam ya tsaya a tsakar gida, wurin da bai saba tsayawa ba. Ya sa aka kira Inna, aka kira gardawa. Ya faɗa musu abin da ya ɓoye, a taƙaice, ba kwana-kwana.

"Daga yau duk mai magana da ni ya tsaya a haske, ya ɗago kai. Wannan shi ne ladabin yanzu."

Inna Dada ta zauna a kan turmi ta rufe fuska. Ta shekara biyu tana zaton wani laifi ta yi masa.

Gwaggo ta ce, "To ni da ma ban taɓa sunkuyar wa kowa da kai ba."

"Shi ya sa ke kaɗai nake ji," in ji Malam. "Ba don na zaɓa ba. Ki aika wa ɗan'uwanmu Salihu ya zo da safe, a nemi goro mai kyau. Zandam za shi neman aure."

Gwaggo ta ce, "Ta iya daka dai ko?" Ta juya ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Labarin ke nan, ba ni da ƙari mai yawa a kai. Yaran nan biyu sun yi haƙuri, ba su taka iyaye ba, Allah ya kawo musu mafita ta inda ba wanda ya zata. Abu na biyu kuma na masu koyarwa ne, malamin allo ko na gona. In ka koyar mutum bai ɗauka ba, kada ka yi saurin cewa ba shi da rabo. Duba ko kai ne ka tsaya a duhu. Ilimi na Allah ne, bai ce sai mai kunne ko sai mai ido ba. Wanda ka sallama yau don ba ya ji, ba ka san ranar da za ka zauna a wurinsa ba.

Washegari Hadi ya fito bayan asuba ya tarar an canza zaman makaranta. Ɗalibai sun yi rabin da'ira a ƙofar zaure, fuskokinsu a hasken gabas, Malam a tsakiya yana bin bakunansu ɗaya bayan ɗaya. Baffa Salihu, ƙanin Malam, ya iso da babbar riga da ƙunshin goro. Malam ya yafito Hadi, ya miƙa masa sabon allo. Ya rubuta surar da ke gaba da hannunsa, baƙaƙe manya, tawadar tana sheƙi.

"Ka ce mata ƙari ne. In ta tare, ni zan biya mata."

Hadi ya karɓa da hannu biyu. Baffa yana ta cewa rana tana yi, shi kuwa ya tsaya a bakin zaure riƙe da allon har tawadar ta bushe. Sannan ya naɗe shi a cikin rawani, ya ɗaure a gaban babur da igiya mai ƙulli, ya goya Baffa, suka kama hanyar Zandam.